Kifayen ado sun mutu cikin kwana goma: ina kuskuren yake?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin unguwar Zariya ne a nan Maradi. Wani ɗan'uwa ya kawo wa yarana ƙaramin akwatin gilashi daga Kano, mai cin ruwa kamar lita 15, da jajayen kifayen nan na ado guda shida. Bayan kowane kwana biyu nakan kwashe kifin, in zubar da ruwan duka, in wanke akwatin da tsakuwar da omo, in zuba sabon ruwan famfo. Duk da haka cikin kwana goma babu wanda ya rage. Yara sun sha kuka. Ina so in sake gwadawa, amma ban san inda na kuskure ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ba yara haƙuri. Abin da zan faɗa maka ba zai yi daɗin ji ba, amma gara ka ji shi tun farko: wankin nan da ka yi ta yi, shi ya fi komai saurin kashe su. Ba sakaci ka yi ba, ƙwazo ne ya yi yawa. Ni ma da na fara, shekaru da dama da suka wuce, haka na yi, kuma a lokacin ina kiwon tarwada a kwalbati, ina ganin babu abin da za a koya mini a kan kifi.

Matsalar ita ce mu da ido muke auna ruwa. In ya yi garau mu ce mai kyau ne, in ya yi duhu mu ce ya lalace. Kifi kuwa ba ruwansa da wannan. Yana iya rayuwa lafiya lau cikin jan ruwan Gulbin Maradi da damina, ya kuma mutu cikin ruwan da kai za ka ɗiba ka sha. Abin da ke kashe shi ba ya ganuwa.

Kifi a cikin ruwan da yake shaƙa yake kashi, a ciki yake fitar da dattin jikinsa. Babban dattin nan sunansa amoniya, ita ce warin nan mai hawa kai da kake ji a inda fitsari ya kwana. Akasarinta ma ba ta kashi take fita ba, ta jan naman nan da ke ƙarƙashin murfin kunnensa take fita, inda yake shaƙar iska. Abincin da ya rage a ƙasa ya ruɓe shi ma amoniya yake zama. A tabki irin na Madarumfa ruwa ya yi yawan da ba za ta taru ba. A lita 15 da kifi shida kuwa, kwana ɗaya ya isa ta fara ƙona musu wurin numfashi. Kuma zafi na ƙara mata dafi, abin da ya sa mu nan muka fi mutanen ƙasashen sanyi shan wahalarta.

Masu kawar da ita wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ido ba ya gani. Kashi na farko suna cin amoniya su mayar da ita nitirit. Nitirit ɗin ma guba ce, tana shiga jinin kifi ta hana shi ɗaukar iska, har jinin ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Sai ka ga kifi yana haki a saman ruwa alhali famfon iska na aiki. Kashi na biyu su ke cin nitirit su mayar da ita nitirat, wadda ba ta da dafi sosai sai ta taru da yawa. Ita wannan ta ƙarshe, kai ne za ka rage ta da canjin ruwa, tsirrai kuma su sha wani abu daga ciki. To waɗannan ƙwayoyin ba cikin ruwa suke yawo ba, maƙalewa suke yi a jikin tsakuwa, da gilashi, da soson matata, wato abin tace ruwan akwati. Santsin nan da kake ji in ka shafa tsakuwa, wanda ka sa omo ka goge, gidansu ne. Kafin su yi yawan da za su iya da dattin kifi sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida. Kai kuwa duk kwana biyu kana rushe musu gida, sannan ka kwararo ruwan famfo mai kulorin, maganin da aka sa don ya kashe ƙwayoyin cuta, wanda bai san na kirki da na banza ba. Ga ragowar omo a tsakanin tsakuwa. Ga kamu da hannu ana jefa su roba ana maidowa. Gaskiya kwana goman ma sun yi ƙoƙari.

Kuskure na biyu ba naka ba ne, na wanda ya sayar ne. Jan kifin nan da ake kira kifin zinariya, wanda mutanen Sin suka fara kiwonsa fiye da shekara dubu da ta wuce, ba kifin ƙaramin akwati ba ne. Wanda ka gani kamar ɗan yatsa jariri ne. In ya samu wuri yakan kai santimita 15 zuwa 20, ya yi shekara goma ko fiye. Ga ci, ga kashi. Sannan ya fi son ruwa mai sanyi-sanyi, wajen digiri 18 zuwa 22. Ka tuna yadda ɗaki yake a Maradi a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin waje ke haura 40. Ni dai ba na ba mai farawa shawarar ya saye shi a garin nan, ko da kuwa shi ya fi ɗaukar idon yara.

Yanzu ga yadda za ka sake farawa. Ka ajiye mai lita 15 ɗin, zai yi amfani nan gaba. Mutane na ɗauka ƙaramin akwati ya fi sauƙi, alhali shi ya fi wuya, don ruwa kaɗan nan da nan yake zafi, nan da nan yake gurɓata, kamar yadda shayi a ƙaramin kofi ke rigan na buta hucewa. Nemi mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30. Wannan lita 54 ke nan, bido biyu masu lita 25 da ɗan ƙari. Masu yankan gilashin taga za su iya haɗa maka, amma ka tsaya a kan abu biyu: kaurin gilashin ya kai milimita 5 ko 6, sannan gam ɗin silikon ya zama zalla, ba irin na banɗaki da ake sa wa maganin fumfuna ba, don wannan maganin guba ne ga kifi. In an gama a bar shi ya bushe kwana biyu ko uku, a cika shi da ruwa a tsakar gida ya kwana, a ga ko yana yoyo. Gara ya jiƙa ƙasa da ya jiƙa kafet ɗin uwargida.

Ka lura da nauyi. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, in ka haɗa da gilashi da tsakuwa kana maganar kusan kilo 70. Teburin roba ba zai ɗauka ba. A samu na katako ko na ƙarfe mai ƙwari wanda ba ya rawa, a shimfiɗa farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin talabijin a ƙarƙashi. Wurin ajiyewa kuma ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da tagar da rana ke shigowa. Rana kai tsaye abu biyu take jawowa: zafi da gansakuka.

Tsakuwa ba sai ka saya ba. In gulbi ya janye, yashi mai kauri da ƙananan tsakuwa suna nan birjik. Ka tankaɗe, ka wanke da ruwa zalla har sai ruwan ya daina duhu, ka zuba tafasasshen ruwa a kai, ka bar shi ya huce. In kana shakkar wani dutse, ɗiga masa ruwan lemun tsami. In ya yi kumfa akwai farar ƙasa a jikinsa, zai riƙa narkewa cikin ruwa, bar shi. Kaurin yatsa biyu a ƙasan akwati ya isa.

Matata kuwa, ka manta da masu tsada. Akwai wadda soso ce kawai da bututu a tsakiya, ana haɗa ta da ƙaramin famfon iska ta siririn tiyo. Kumfar da ke tashi ita ke jan ruwa ta cikin soson, ƙwayoyin nan su samu gida, ruwa ya samu motsi. Famfon ba ya cin wuta, wat biyu zuwa biyar ne. Dalilin da ya sa na fi son ta a nan shi ne ana samun famfon iska mai aiki da wayar cajin salula, wanda za ka iya maƙala wa batirin ajiyar caji in an ɗauke kuran. Ka ajiye famfon a saman tsayin ruwa, in ba haka ba ranar da wuta ta ɗauke ruwa na iya biyo tiyo ya sauko cikinsa.

Sai ruwa. Na famfo ba laifi, in ka tara shi a buɗaɗɗen bokiti ya yi kwana ɗaya ko biyu kulorin zai fice. In ka samu maganin kashe kulorin da masu sayar da kifin ado ke sayarwa a ƴar kwalba, ya fi, don akwai nau'in kulorin da ajiyewa ba ta fitar da shi. Ruwan rijiya ko na foraj ba shi da kulorin amma yakan zo da ƙarancin iska, shi ma a bar shi ya kwana. Wanda ƴan ga-ruwa ke kawowa, ka tabbatar bidon bai taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba. Ka ware bokiti ɗaya da kofi ɗaya na kifi kaɗai, ka yi musu alama, ka gaya wa mutanen gida. Bokitin da aka yi wanki da shi jiya ba ya shiga wannan aiki.

Daga nan sai abin da ya fi wa kowa wuya: ka cika akwati, ka kunna famfon iska, ka bar shi babu kifi. Duk kwana biyu ka jefa ɗan abincin kifi, abin da yatsu biyu za su tsinka, ya ruɓe a ciki. Ƙwayoyin kake ciyarwa. A makon farko ruwan zai iya yin fari kamar an ɗiga madara. Kada ka taɓa, da kansa zai washe. Ka yi haka mako huɗu aƙalla. Yara za su dame ka, baƙi za su tambaye ka ina kifin, ka ce yana hanya. In ka san wani mai tsohon akwati da kifinsa ke lafiya, roƙe shi ya matse maka soson matatarsa a leda. Baƙin ruwan nan mai kama da laka shi ne irin, kamar yadda mai nono ke zuba tsohon kindirmo cikin sabuwar madara. Juye shi a kan sosonka, zai rage maka jira sosai. Akwai kuma ƴan takardu da ruwan gwaji da ke nuna amoniya da nitirit; in mai zuwa Kano ko Yamai ya samo maka, abin da kake jira shi ne su biyun su nuna sifiri. Nitirat kuma a riƙe ta ƙasa da miligiram 40 a lita.

Wane kifi? Ga mai farawa a Maradi ni gofi nake cewa. Ɗan ƙarami ne, namijin bai wuce santimita uku ko huɗu ba, wutsiyarsa kamar an yi mata rini. Asalinsa daga Tirinidad da arewacin Kudancin Amurka yake, yana jin daɗin ruwa mai digiri 22 zuwa 28, yana kuma jure abin da ya ɗan haura haka. Ba ƙwai yake yi ba, haihuwa yake, kusan duk wata, kuma yara za su fi murna da wannan fiye da jan kifin da suka rasa. Fara da uku ko huɗu, bayan mako biyu ka ƙara, kada manya su wuce takwas a lita 54. Namiji ɗaya mata biyu, in ba haka ba mazan za su hana macen sakat. In ba ka son su cika maka akwati, sayi maza zalla. Moli da filati danginsa ne, halinsu kusan ɗaya. Akwai kuma beta, ɗan ƙasar Tailan, wanda ke iya haɗiyar iska daga saman ruwa kamar tarwada, don haka ɗaukewar wuta ba ta cika damunsa ba. Shi ne zai dace da tsohon akwatinka mai lita 15, amma shi kaɗai, don maza biyu in suka haɗu sai ɗaya ya illata ɗaya.

Wani zai ce me ya hana a kamo ƴaƴan karfasa ko tarwada a Madarumfa, ga su a banza? Na gwada. Karfasa ta tone tsakuwa, ta cinye tsirrai, cikin ƴan watanni akwati ya yi mata kaɗan. Tarwada kuwa duk abin da ya shiga bakinta abinci ne, da dare kuma ta yi tsalle ka tsince ta bayan kujera.

Ranar da kifin ya iso, bayan ya sha hanya ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa cikin leda, kada ka juye shi kai tsaye. Ɗora ledar a ɗaure a kan ruwan akwati minti 15 zuwa 20 zafinsu ya daidaita, ka buɗe ka riƙa zuba ruwan akwati kaɗan-kaɗan, sannan ka tsamo kifin da ƴar raga. Ruwan ledar a zubar. Ranar kada ka ba su abinci.

Abinci sau ɗaya ko biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu. Kifi ba ya nuna ya ƙoshi, kullum ka zo zai taso kamar ya kwana uku bai ci ba, kada ya yaudare ka. A gidan da ke da yara nan ne haɗarin yake: wannan ya zuba, wancan ya zuba, autan ya kawo loma ta tuwo don tausayi. Ka ɗora robar abincin a sama, ka ba yaro ɗaya aikin, a gabanka. In ka ga tsutsar sauro a wani kasko, tsamo ka ba su, babu abincin da gofi ya fi so. In za ku yi tafiyar sallah ta kwana huɗu ko biyar, bar su haka nan. Manyan kifi masu lafiya za su jure, kuma hakan ya fi alheri a kan ka bar wa maƙwabci robar abinci.

Canjin ruwa shi ne inda za ka sauya hali gaba ɗaya. Sau ɗaya a mako, kashi ɗaya cikin huɗu kawai, wato kamar rabin bido. Kifi na ciki, ba a fitar da shi. Sa tiyo ka zuƙo kamar yadda masu sayar da fetur a bakin titi ke yi, ka riƙa soka bakinsa cikin tsakuwa yana tsotso dattin. Wannan ruwan kada a zubar a kwata, a kai wa zogale ko shukar tsakar gida, taki ne. Soson matata kuma sau ɗaya ko biyu a wata, ka matse shi cikin ruwan da ka cire, ba a bakin famfo ba, kuma ba sai ya yi fes ba. Sabon ruwan da za ka zuba ka taɓa shi da hannu tukuna. Ruwan tankin saman ɗaki da azahar a watan Afrilu ya isa wanka da hunturu. Shi ya sa nake tara nawa da yamma in zuba da safe. Wani abu kuma: a bushewar iskarmu ruwa na raguwa da kansa. Cikowa ba canji ba ne, don ruwa ne kaɗai ya tashi, dattin na nan.

Zafi da ɗaukewar wuta tare suke zuwa, kuma su suka fi yi mini ɓarna. Ruwa mai digiri 20 yana riƙe iskar oksijin kamar miligiram 9 a lita, in ya kai 30 sai ta sauko wajen 7.5, alhali a lokacin ne jikin kifi ya fi buƙatarta. Wata shekara ana tsakiyar bazara wuta ta ɗauke tun la'asar. Da na dawo daga sallar isha'i na haska fitila, sai na ga duk kifin sun jeru a saman ruwa, baki na buɗewa yana rufewa. Na ɗauki kofi ina ɗiban ruwan ina kwararo shi daga sama, in huta in sake, har wajen ƙarfe biyun dare. Manyan biyu ba su kai safe ba, don babba ne ke fara jigata. Tun daga ranar ban sake zama babu famfo mai batiri ba. Ka sayi ma'aunin zafi mai maƙalewa a gilashi. In ya haura 30, buɗe murfi ka juyo fanka tana kaɗa saman ruwan. Yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar tsatsafowa, haka wannan zai sauke digiri biyu ko uku. In abin ya yi tsanani, ɗora ƙanƙara a kan ruwan tana cikin ledarta a ɗaure, ƙarama, kada sanyin ya sauko farat ɗaya. A irin ranakun nan rage abinci, ranar da babu wuta kuwa kada ka ba su sam.

Hunturu nasa salon daban. A Disamba da Janairu dare na yin sanyi, ruwa ya sauka da asuba ya hau da rana, a nan ne farin ɗigo ke fitowa a jikin kifi kamar an barbaɗa masa gishiri, ka ga yana goga jiki da dutse. Wata ƙwayar cuta ce da ke samun dama in kifi ya raunana. Ƙaramar hita mai wat 50 ta isa lita 54. In babu, lulluɓe akwatin da bargo da dare. In cutar ta riga ta kama, kwantar da hankali ka nemi shuɗin maganin nan metilin, ka bi abin da aka rubuta a kwalbar, kuma ka sani yana taɓa ƙwayoyin matata, don haka a ƙaramin akwati daban ake yin jinya. Murfi kuma dole ne saboda ƙura, amma a bar ƴar kafa.

Akwai abin da littattafan Turawa ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa kullum muna cikinsa: maganin sauro. Na fesawa da na kunnawa, yawancinsu suna ɗauke da sinadarin da ɗan kaɗan ɗinsa ke kashe kifi. Mutum ya fesa ɗaki da magariba ya rufe ƙofa, da safe ya tarar da kifi sun juya ciki sama, ya ce maita ce. Ruwa ba ya tsami banza. Famfon iska iskar ɗakin yake turawa cikin ruwa, har da maganin. In za a fesa, kashe famfo, rufe akwatin ruf da leda ko jiƙaƙƙen zane, sai an buɗe tagogi warin ya fita sannan ka kunna. Mafi alheri ma a daina fesawa a wannan ɗakin. Hayaƙin turaren wuta shi ma kada a ajiye kaskon kusa da famfo, kuma hannun da aka shafa wa mai ko turare ba ya shiga ruwa sai an ɗauraye.

Tsirrai suna taimako, kuma kainuwa ta fi kowanne sauƙi: tana shan nitirat, ƴaƴan gofi na ɓuya cikin saiwarta kada iyayen su cinye su. Sai dai tana son haske, kuma kada ta rufe fiye da rabin saman ruwa. In daga tabki ko kududdufi ka ɗebo ta, ka yi hattara da ƙananan katantanwa da ke maƙale a jiki, don wasunsu ke ɗauke da cutar tsargiya, ga yara kuma da son tsoma hannu. Ka wanke ta, ka tsince su da ƙwayayensu, ka ajiye ta a bokiti daban mako biyu ko uku kana dubawa kafin ta shiga akwati. Fitila kuwa awa shida zuwa takwas ta isa. In gansakuka ta fara rufe gilashi, haske ko abinci ne ya yi yawa, goge ta da sabon soso ka rage su.

In gofin suka hayayyafa har suka yi maka yawa, raba wa abokai ko ka zuba wasu a tankin ban ruwan lambu su cinye tsutsar sauro, amma kada ka kai su gulbi ko tabki, ba ƴan nan ba ne. Tsohuwar tsakuwar da ta sha omo kuwa zubar da ita, akwatin ka ɗauraye shi da ruwa zalla sau da yawa ka shanya. In ka kai mako na huɗu da cika sabon, rubuto mini yadda ruwan yake da abin da ma'aunin zafi ke nunawa da asuba da kuma la'asar, sai mu ga ko lokacin sayen kifi ya yi.